St Andrews: Yadda baƙo mai wasan sha'awa ke samun taka filin golf mafi daraja a duniya

Mai sha'awar ƙwallon ƙafa ba ya tara abokansa ya ce yau a Wembley za su yi wasan yamma. Haka mai buga tanis ba ya zuwa Wimbledon ya nemi a ba shi hayar babban fili na sa'a guda. A ƙwallon golf ma, wanda wasu ke kira ƙwallon lambu, filin Augusta National da ke jihar Georgia ta Amurka, inda ake gasar Masters duk watan Afrilu, ba ya karɓar kowa sai ɗan kulob ko wanda ɗan kulob ya gayyata.

Amma a gabashin Skotland akwai filin da ya saɓa wa wannan al'ada. Sunansa Old Course, a garin St Andrews da ke yankin Fife, kimanin kilomita 80 daga Edinburgh. Sau 30 aka buga gasar Open a kansa, gasar da ta fi kowace babbar gasar golf tsufa a duniya. A nan Jack Nicklaus ya lashe kofin a 1970 da 1978, a nan Tiger Woods ya lashe shi a 2000 da 2005. Duk da haka, direban tasi ko malamin makaranta daga kowace ƙasa yana iya tsayawa a bakin filin a kira sunansa, ya bi ramuka 18 ɗin da waɗannan zakaru suka bi.

Sai dai ƙofar da aka ce a buɗe take ba ta da faɗi. Shiga ta na buƙatar takardar shaidar iya wasa da kuɗi da haƙuri, sannan sa'a.

Filin na mutanen gari ne

Baƙi da dama suna zuwa da zaton cewa filin mallakar kulob ɗin Royal and Ancient ne, saboda gininsa na dutse da ke tsaye a bayan wurin bugun farko, wanda ake gani a duk hoton da aka ɗauka. Ba haka ba ne. Ginin na 'yan kulob ne kaɗai, baƙo ba ya shiga. Filin kuwa ƙasar al'umma ce.

Tarihin wannan ya yi nisa. A 1457 Sarki James na Biyu na Skotland ya haramta golf da ƙwallon ƙafa, saboda suna ɗauke hankalin samari daga koyon harbi da kwari da baka. Haramcin bai hana mutane wasa ba. A 1552 Akbishop John Hamilton ya sa hannu kan wata takarda da ta tabbatar wa mutanen St Andrews 'yancin yin golf da sauran wasanni a wannan fili na bakin teku.

Ƙasar ba ta noma ba ce. Yashi ne da iska ta tara tsakanin teku da gonaki, ciyawa gajera ta rufe shi, tumaki suna kiwo a kai. Irin wannan ƙasa ce 'yan Skotland ke kira links, sunan da har yau ake kiran filayen golf na bakin teku da shi.

An taɓa kusan rasa filin. A ƙarshen ƙarni na 18 majalisar garin ta shiga matsin kuɗi ta sayar da shi, ya faɗa hannun masu kiwon zomaye. Zomayen suka riƙa haƙa ramuka inda ake wasa, aka shafe kusan shekara ashirin ana rigima da shari'a, har sai da wani mai ƙasa ɗan golf, James Cheape, ya saye filin a 1821. A 1894 ya koma hannun majalisar garin ta hanyar doka, kuma tun 1974 wata hukumar amintattu mai suna St Andrews Links Trust ce ke kula da shi tare da sauran filayen da ke kewaye.

A wannan fili ne aka samo adadin ramukan da duniya ke bi. Da ramuka 22 ake bugawa. A 1764 aka haɗe wasu gajeru, suka koma 18.

Hanyoyin samun gurbi

A lokacin bazara rana takan daɗe ba ta faɗi ba a Skotland, kuma ana fara wasa tun da sassafe. Amma mutum huɗu ne iyakar masu fita tare, kuma sai an ba da tazarar kusan minti goma tsakanin rukuni da rukuni. Wani kaso na lokutan na mutanen gari ne da kulob-kulob ɗinsu. Abin da ya rage shi ne duniya ke rububi a kai.

Hanya ta farko ita ce neman gurbi tun shekara guda kafin tafiya. Hukumar takan buɗe karɓar buƙatu na 'yan kwanaki a wajejen ƙarshen Agusta zuwa Satumba domin shekara mai zuwa, kuma masu nema sun ninka guraben da ake da su.

Ta biyu ita ce ƙuri'ar da ake jefawa kwana biyu kafin ranar wasa, kuma kusan rabin lokutan filin ta nan ake raba su. Mutum biyu zuwa huɗu za su shigar da sunayensu da sunan kulob ɗinsu da matakin iya wasansu kafin ƙarfe biyu na rana. Da yamma sakamako ya fito. Wanda ya shiga ranar Litinin yana neman wasan Laraba ke nan. Ba a biyan ko kwabo domin shiga ƙuri'ar, kuma wanda bai dace ba yana iya sake gwadawa washegari. Shi ya sa masu dabara sukan kama masauki na mako guda, suna buga wasu filayen yankin suna jira.

Ta uku ta mai tafiya shi kaɗai ce. Shekaru da dama al'adar ita ce mutum ya je ya kwana a bakin wani ɗan gini da ke kusa da wurin bugun farko, cikin sanyi da yayyafi, domin ya kasance a sahun gaba idan gari ya waye, ko za a samu rukunin da bai cika huɗu ba a saka shi. Wasu tun tsakar dare suke kama layi, wasu tun kafin nan. A watan Maris na 2024 hukumar ta soke wannan layi. Yanzu mutum zai je da ƙafarsa ya yi rajista da rana, da yamma na'ura ta yi ƙuri'a, a aiko masa da saƙo a waya. Wasu sun yi maraba da sauyin saboda tsofaffi da marasa ƙarfin kwana a waje. Wasu kuma na ganin an rufe hanya ɗaya tilo da naci ke yi wa mutum aiki ba sa'a ba.

Ta huɗu ita ce ta masu hali: kamfanonin yawon buɗe ido da hukumar ta amince da su suna sayar da gurbi tabbatacce haɗe da otal da mota da wasa a wasu filaye, a kan dubban fam.

Ranar Lahadi kuwa babu mai wasa, sai in ranar ƙarshe ce ta wata babbar gasa. Filin yakan koma wurin shan iska. Iyalai su shimfiɗa mayafi su ci abinci, yara su yi guje-guje, masu karnuka su zaga da su a daidai inda aka buga ƙwallon da ta ci miliyoyin daloli.

Takarda da kuɗi

Ba a barin wanda bai taɓa riƙe sanda ba ya hau filin. Sai mutum ya nuna shaidar handikaf, wato lambar da ke nuna yawan bugun da ɗan wasa kan ƙara a kan ƙa'idar fili. Ƙa'idar Old Course bugu 72 ce. Iyakar da ake karɓa ita ce 36 ga maza da mata, ma'ana wanda kan ƙara kamar bugu biyu a kowane rami. Wannan ba matakin gwani ba ne. Matakin mutumin da ke wasa a ƙarshen mako ne, wanda ya san dokoki kuma ba zai tsayar da na bayansa ba.

Tun 2020 aka haɗe tsarin handikaf na duniya ya zama ɗaya, don haka lambar da ɗan wasa ya samu a hukumance daga kulob ɗinsa a Abuja ko Kaduna ko Jos ita zai gabatar a St Andrews. Abin da zai riga komai shi ne bizar Birtaniya, kuma ya kamata mai niyya ya tuna cewa biza da tikitin jirgi ba su ba shi tabbacin gurbi ba.

Batun kuɗi shi ne ya fi jawo magana. A 2021 zagaye ɗaya a tsakiyar kakar wasa fam 195 ne. A 2022 ya koma 270, a 2024 ya kai 320, a 2025 kuma 340. Ban da ladan ɗan rakiya mai ɗaukar jakar sanduna da tukuicinsa. A hunturu farashin yakan sauka sosai, amma a lokacin sai an ɗora ƙwallo a kan wata 'yar tabarmar roba kafin a buga, domin kada a ƙwaƙule ciyawar da ba ta tsiro cikin sanyi.

Da ƙafa ake bin filin. Ba a ba da ƙaramar motar golf sai ga mai larura da ya zo da shaidar likita. Kuma ana son kowane rukuni ya kammala cikin kimanin sa'a huɗu.

Bugun farko a idon jama'a

Wanda ya fara ganin Old Course yakan yi mamakin rashin kwarjininsa. Babu itatuwa, babu tafki, babu furannin ado. Shimfiɗa ce mai ƙananan tuddai, launinta tsakanin kore da ruwan ƙasa. An ruwaito cewa Sam Snead na Amurka, da ya hango shi ta tagar jirgin ƙasa a 1946, ya ɗauka tsohon fili ne da aka yi watsi da shi. A makon ya lashe gasar Open a kansa.

Kwarjinin yana zuwa ne lokacin da jami'in da ke sallamar 'yan wasa ya kira suna. Wurin bugun farko a cikin gari yake. A baya ga tagogin ginin Royal and Ancient. A gefe ga 'yan yawon buɗe ido da ɗaliban jami'ar garin, wadda aka kafa a 1413, sun jingina da farin shinge suna kallo. Ga kuma waɗanda ke jiran nasu lokaci.

A gaban ɗan wasa akwai shimfiɗar ciyawa da ta haura yadi 120 a faɗi, domin rami na farko da na 18 hanya ɗaya suka raba. Da wuya a samu wadda ta fi ta faɗi a duk filayen manyan gasanni. Amma hannu in ya ɗauki rawa faɗi ba ya ceto. A 1995 Ian Baker-Finch na Ostireliya, wanda ya lashe Open shekara huɗu kafin nan, ya karkatar da ƙwallonsa hagu ta ratsa duk wannan faɗin ta fice daga fili.

Wata 'yar hanya mai suna Granny Clark's Wynd ta ratsa tsakiyar shimfiɗar zuwa bakin teku, kuma ta jama'a ce. Ɗan wasa yakan dakata mai keke ko mai tura keken jariri ya wuce. Can gaba, dab da dandalin ramin, rafin Swilcan ya gitta. Ƙarami ne ƙwarai, amma ƙwallayen baƙi da ya haɗiye ba su ƙirguwa, domin mai jin tsoro bugunsa gajere yake zuwa.

Tarkunan yashi

Daga rami na biyu filin yakan juya wa gari baya ya miƙe arewa. A nan baƙo ke gane dalilin ɗaukar ɗan rakiya. A ramuka da yawa ba a ganin inda ƙwallo za ta sauka. Sarƙaƙƙiyar ƙaya mai furanni rawaya da ƙananan tuddai sun tare ido. Ɗan rakiya ne zai nuna wani daji ko hasumiya daga nesa ya ce a saita can.

Shawarar da ake yawan bai wa baƙo ita ce ya riƙa karkata hagu, domin haɗarin fita daga fili da ƙayar duk a dama suke. Hagu akwai lafiya, amma daga can bugu na biyu ya fi wuya, saboda tarkunan yashi sun tsaya tsakaninsa da tuta. Wanda ya yi ƙarfin halin bin dama shi ke samun buɗaɗɗiyar hanya. Kowane rami ciniki ne tsakanin tsira da riba.

A 2022 tarkunan yashin 112 ne, kuma ba irin shimfiɗaɗɗun da ake gani a filayen Amurka ba ne. Yawancinsu kamar rijiya suke, an gina bangonsu a tsaye da yankakkiyar ciyawa jere bisa jere. Ana cewa asalin wasu makwancin tumaki ne da ke fakewa daga iska. Ƙasar da ke kewaye da su ta gangaro ciki, don haka ƙwallon da ta sauka taku goma daga baki tana iya mirginawa ta faɗa. Da yawa suna da sunaye: Spectacles, wato Tabarau, a rami na 5, Coffins, wato Akwatunan Gawa, a na 13, Principal's Nose, Hancin Shugaban Jami'a, a na 16. A rami na 12 tarkunan a ɓoye suke sarai daga wurin bugun farko, sai mutum ya wuce ya waiwaya zai gan su, saboda a da ta ɗaya ɓangaren ake zagaya filin.

Mafi suna shi ne Hell, wato Jahannama, a rami na 14, mai zurfin da ya fi tsayin mutum. A 1995 Nicklaus ya faɗa ciki, sai a bugu na huɗu ya fito, ya gama ramin da bugu 10 a inda ƙa'ida biyar ce. Wannan ne ya sa ake jinjina abin da Woods ya yi a 2000: kwana huɗu, ramuka 72, bai shiga tarko ko ɗaya ba, ya yi nasara da tazarar bugu takwas.

Darasin mai wasan sha'awa a nan ɗaya ne. In ƙwallo ta faɗa, a fitar da ita ta inda ya sauƙaƙa, ko ta gefe ko ta baya. Wanda ya nace sai gaba yakan bar bugu uku ko huɗu a cikin yashi.

Dandali ɗaya, tuta biyu

Wani abin da ke ruɗa baƙo shi ne girman dandalin da rami ke ciki, wato wurin da aka aske ciyawa ƙwal domin gangara ƙwallo. Ramuka huɗu ne kawai ke da nasu su kaɗai: na 1 da na 9 da na 17 da na 18. Sauran 14 sun raba dandali bakwai, biyu-biyu, kuma in aka haɗa lambobin kowane biyu 18 suke bayarwa: na 2 da na 16, na 3 da na 15, har zuwa na 8 da na 10. Farar tuta ta masu fita ce, ja ta masu dawowa, ban da ta rami na 18 da ita ma fara ce. Baƙon da ya saita tutar da ba tasa ba zai tarar da kansa da gangarawa mai nisan da bai taɓa yin irinta ba. Dandalin da na 5 da na 13 suka raba ya kusa yadi 100 daga gaba zuwa baya.

Ƙasar tana da tauri, musamman in an kwana biyu ba ruwa. Ƙwallon da aka ɗaga sama ta faɗo kusa da tuta ba ta tsayawa, tsalle take ta wuce. Mutanen wurin ƙasa-ƙasa suke bugawa, su sauke ƙwallo tun da nisa su bar ta ta mirgina bisa tuddai. Wanda ya saba wasa a busasshiyar ƙasa lokacin rani ba zai ga wannan baƙon abu ba.

Sai iska, wadda ita ce ainihin mai gadin filin. Ba ta da abin da zai tare ta daga Tekun Arewa ko daga mashigar kogin Eden. Ramin da aka kai da ƙaramar sanda da safe yana iya neman babba da yamma. A gasar 2010 Rory McIlroy ya yi bugu 63 a ranar farko cikin lumana. Washegari iska ta taso har aka dakatar da wasa na wani lokaci, ya yi 80. Louis Oosthuizen na Afirka ta Kudu ne ya ɗauki kofin a shekarar.

Babu labarin da ya fi dacewa da mai wasan sha'awa kamar na Bobby Jones, Ba'amurken da bai taɓa zama ɗan wasan kuɗi ba a duk shekarun da ya yi yana gasa. A 1921, yana ɗan shekara 19, ya zo St Andrews karo na farko. A zagaye na uku ya yi bugu 46 a ramuka tara na farko, ya zo na 11 ya maƙale a tarkon yashi, ya ɗauke ƙwallonsa cikin fushi ya fita daga gasar. Bayan shekara shida ya dawo ya lashe Open a filin, a 1930 kuma ya lashe gasar masu wasan sha'awa ta Birtaniya a nan. A 1958 garin ya karrama shi da matsayin ɗan gari, Ba'amurke na biyu bayan Benjamin Franklin. Rami na 10 sunansa yake ɗauke da shi. Shi ne kuma ya kafa Augusta National tare da abokin aikinsa, suna koyi da dabarun Old Course, duk da cewa ƙofar can a rufe take.

Rami na 17 da gada

A hanyar dawowa hasumiyoyin garin sukan riƙa matsowa. Kafin a isa sai an bi ta rami na 17, Road Hole, wanda ake sakawa cikin mafiya wuya a duniya. Daga wurin bugun farko ba a ganin hanya. Abin da ke gaban ɗan wasa wani kusurwar otal ne mai rubutu a jiki, inda a da rumfunan tashar jirgin ƙasa suke, kuma ta samansa ake bugawa. Ɗan rakiya yakan zaɓi harafi ɗaya a rubutun ya ce a bi ta kansa.

Dandalin siriri ne, a karkace. A gabansa ta hagu ga wani ƙaramin tarko mai zurfi, a bayansa ga titi da katangar dutse, kuma duk cikin wasa suke: inda ƙwallo ta tsaya nan za a buga ta. A 1978 Tommy Nakajima na Japan ya hau dandalin da bugu biyu yana cikin masu neman kofi, ya gangara ƙwallo ta zame cikin tarkon, sai a bugu na huɗu ya fito, ya tashi da tara. A 1984 ƙwallon Tom Watson ta wuce ta tsaya dab da katanga, Seve Ballesteros na Sifaniya ya yi nasara. A gasar Open tsawon ramin yadi 495 ne. Baƙo daga gaba yake farawa, kamar yadda duk filin da zakaru suka buga a kimanin yadi 7,300 a 2022 ya ragu masa da ɗaruruwan yadi. Duk da haka, mai wasan sha'awa da ya gama na 17 da bugu biyar ya samu abin ba da labari.

A rami na 18 ne ake tsallaka gadar Swilcan, 'yar gadar dutse da ake ƙiyasta ta kai shekara 700, wadda makiyaya ke bi da dabbobinsu. A kanta Nicklaus ya tsaya ya ɗaga hannu ya yi bankwana da gasar a 2005. Kowane rukuni yakan tsaya ɗaukar hoto. Matsayin gadar a zukatan mutane ya fito fili a farkon 2023, lokacin da hukumar ta shimfiɗa daɓen duwatsu a bakinta domin kare ciyawar da ƙafafu suka cinye. Suka ta yi yawa daga ciki da wajen Birtaniya, cikin 'yan kwanaki aka cire daɓen.

Ramin ƙarshe na ɗauke da sunan Tom Morris, ɗan garin da ya lashe Open sau huɗu, ya kuma kula da filin kusan shekara arba'in daga tsakiyar shekarun 1860. A gaban dandalin akwai wani kwari da ake kira Valley of Sin, Kwarin Zunubi. Daga cikinsa Costantino Rocca na Italiya ya zura wata doguwar gangarawa a 1995, a kan dandalin kuma Doug Sanders ya ɓarar da wata 'yar gajera a 1970 wadda da ta ba shi kofi. Motoci na fake a titin da ke dama, mutane na jingine da shinge. In baƙo ya zura tasa, sau da yawa waɗanda ba su san shi ba sukan tafa masa.

Wa zai ci gaba da shiga?

Tambayar da ke gaban St Andrews ita ce ko filin zai ci gaba da zama na kowa a aikace, ba a takarda kawai ba. Hukumar da ke kula da shi ba ta neman riba ba ce, kuma ta ce abin da ta samu a filayen take mayarwa. Kuɗin baƙi ne ke sa mazaunin garin ya sayi tikitin wasan shekara guda a kan abin da bai yi nisa da kuɗin zagaye ɗaya na baƙo ba. Masu kare farashin sukan nuna cewa Pebble Beach a Amurka ya haura dala 600, wasu filayen Skotland masu zaman kansu ma sun fi Old Course tsada.

Masu suka kuma na cewa ƙarin kusan kashi 75 cikin ɗari a shekara huɗu ya fitar da talakan ɗan golf na Glasgow ko Dundee daga lissafi, balle wanda kuɗin ƙasarsa ya karye a gaban fam. A ganinsu duk gurbin da ya tafi ga kamfanonin yawon buɗe ido ya fita daga hannun mai jiran ƙuri'a ke nan.

Ba wannan ne karo na farko da ake muhawara kan wanda ya cancanci shiga ba. Kulob ɗin Royal and Ancient, wanda aka kafa a 1754, sai a 2014 ya kaɗa ƙuri'ar karɓar mata, alhali mata sun daɗe suna wasa a filin da ke ƙofarsa. An buga gasar Open ta mata a Old Course a 2007 da 2013 da 2024.

Wanda ƙuri'a ba ta faɗa kansa ba bai yi asarar tafiya gaba ɗaya ba. New Course, wanda aka buɗe a 1895, yana manne da tsohon, kuma ya fi sauƙin samu. Akwai Jubilee da Eden da Castle. Akwai Himalayas, dandalin gangarawa mai tuddai na wani kulob ɗin mata da aka kafa a 1867, inda yaro da kaka ke wasa da 'yan fam kaɗan. Ranar Lahadi kuma kowa na iya taka Old Course daga farko har ƙarshe kyauta, in dai ba da sanda ba.

Gasar Open ta 150, wadda Cameron Smith na Ostireliya ya lashe a 2022, ta tara 'yan kallo kimanin 290,000 a garin. Gasar za ta dawo St Andrews a 2027. Za a rufe filin ga baƙi na wasu makonni, a kafa rumfunan kallo, duniya ta zuba ido. Bayan an miƙa kofi za a kwance rumfunan, a koma karɓar sunaye kafin ƙarfe biyu na rana, kuma ana sa ran masu nema za su fi na da yawa.